Za a Sake Ƙaddamar da Rijiyata Ina Raye

Hajiya Ruƙayyatu, assalamu alaikum.

Ki taimake ni da shawara, kuma don Allah kada wasiƙar nan ta kwana a teburinki, domin Asabar ta sama za a yi abin, ni kuwa har yanzu ban san ko in je ko in ƙi ba. Ban taɓa rubuta wa jarida wasiƙa ba. Ni mutum ne da ake zuwa wurinsa neman shawara. Amma maganar nan ba ta faɗuwa a tasha, a gida kuma wadda zan faɗa wa tana cikin waɗanda suka ƙulla ta. Sunana ki bar shi. Matata ba ta bari filinki ya wuce ta, in ta gane ni ne, to ta gane.

Ni haifaffen wani ƙauye ne a yankin Farin Dutse ta ƙasar Gwaram, amma a Birnin Kudu nake zaune tun ina saurayi. Sakandare da ƙyar na ƙarasa ta, ko sakamakon ban je dubawa ba, don ranar da aka liƙa shi ina rataye a ƙofar mota ina kiran fasinjan Kano. Daga kwandasta na zama direba, daga direba na sayi tawa, yau motocina suna bin Kano, suna bin Dutse, suna bin Gwaram. Ko tsohuwar taya ban gada ba. Mahaifina shanu ya bari, su ma ciwo ya kwashe su kafin in yi wayo, yayansa da muke kira Bappa shi ya riƙe ni har na iya tsayawa da ƙafata. Ba don alfahari na faɗi wannan ba, don ki san irin mutumin da ake shirin yi wa abin ne.

Shekarun baya na je gida da rani na ga mata suna tonon yashi a rafi suna jiran ruwa ya tsattsafo. Abin ya tsaya min a rai. Na ɗauko masu haƙa tun daga Kano, aka yi rijiyar burtsatse mai sola, da tanki a sama a kan ƙarafa, da kawunan famfo a jere. Ba gwamnati, ba ƙungiya, ba ɗan siyasa, ni kaɗai. Ranar ƙaddamarwa an kafa rumfuna, an jera kujeru, dagaci ya zo, an yanka sa. Na yanke ƙyalle da sabon almakashi, wanda har yau yana cikin kabad ɗin gilashi a falona, ko zare ba a ƙara yankewa da shi ba. Aka manna allon marmara a jikin ginin da sunana da na mahaifina.

To, da aka miƙo min lasifika, kin san halinta, in ta shiga hannu sai ta riƙa jan harshe. Na ce, "Jama'a, duk ranar da kuka ga famfon nan ya daina zuba, to ku tabbata Alhaji ya karye." Aka yi tafi, mata suka rangaɗa guɗa. Ni a lokacin na ji daɗin maganar. Har yanzu ma, in don tsari ne, ba ta da laifi.

Tun daga nan nakan je gida da ƙaramar sallah da babba, wani lokaci da kaka. Kuma ba na faɗa wa gari kamar ruwan bazara. Sai na sa Hajiya Murja, matata, wadda ita ma 'yar garin ce, ta buga waya tun da sauran kwanaki ta ce Alhaji na nan tafe, don mutane su shirya. In na isa, kafin ma in shiga gidan Bappa, sai na tsaya a bakin rijiya. Jama'a sun taru, in murɗa famfo, ruwa ya zubo, in yi alwala, in tara hannu in sha, in ɗan yi jawabi kan amfanin riƙon amana da kula da kayan jama'a. Ban taɓa murɗawa na ji wayam ba, ko sau ɗaya.

A nan sai in gabatar miki da Ƙasimu. Ɗan goggona ne, wato taubashina, manomin riɗi ne kuma yana taɓa dillancin shanu. Tare muka yi kiwo. Duk ƙasar nan shi kaɗai ne har gobe yake kirana Kwandasta, ko a gaban direbobina, ni kuma ba ni da bakin hana shi, wasan taubasai ba a kai shi ƙara.

Wata babbar sallah na tara hannu a famfo zan sha, sai ga ɗan kifi, bai kai ƙaramin yatsa ba, yana wutsil-wutsil a tafina. Na duba fuskoki na ga kowa ya sunkuyar da kai, na ɗauka mamaki ne ya kama su. Sai Ƙasimu ya gyara murya ya ce, "Kwandasta, ai rijiyarka ta huda har kogin ƙarƙashin ƙasa." Hajiya, ni ban yi karatun ƙasa ba, kuma na san zurfin da aka haƙa, don ina tsaye aka yi. Na sa kifin a gorar ruwa na taho da shi Birnin Kudu. Ya yi kwanaki a kan teburina a tasha, 'yan kamasho da fasinja suna leƙe. Daga nan aka laƙaba min Alhaji Mai Kifi, kuma ban ƙi ba. Har wani bawan Allah ya taso daga Wurno yana neman lambar masu haƙar, wai shi ma yana son irin mai kifin. Na ba shi.

Bayan ƙaramar sallar bana da kwana kaɗan aka ce min an kawo Ƙasimu asibiti nan Birnin Kudu da karaya a ƙafa, wai babur ne ya kayar da shi ana jajibiri. Sai a lokacin na tuna ban gan shi a bakin rijiya ba ranar da na je. Na tafi dubiya da lemo da ayaba. Na tsaya a kansa na yi masa nasiha sosai a kan gudu da babur, a matsayina na wanda ya san hanya, na ce mutum da furfura a gemu ba ya tsere da yara. Yana kwance ƙafa a sama yana kallon silin, abin da yake cewa kawai, to Kwandasta, na ji.

Yanzu ga abin da ya kawo ni. Makon jiya ina zaune a tasha cikin mutane, Yunusa babban direbana ya sauko daga Gwaram ya miƙo min katin gayyata. Na buɗe na ga an rubuta ana gayyatata bikin sake ƙaddamar da rijiyar burtsatse ta garinmu, wadda Malam Ƙasimu ya gyara. Na karanta na sake karantawa. Da farko dariya na yi, na ce taubashi ya samu kuɗin riɗi ya rasa abin yi sai buga kati. Na kira shi a waya, na ce wace rijiya ce za a sake ƙaddamarwa, tawa da ko tari ba ta taɓa yi ba? Cewa ya yi in zo da almakashina, nasu na aski ne.

Ni fa na san wannan kalmar, kuma ba a wurin alheri na san ta ba. Akwai wata kwalbati a wani gari da ba zan faɗa ba, motocina suna bi ta kanta kullum. A idona an ƙaddamar da ita, aka zo aka shafa mata fenti aka sake ƙaddamarwa, aka canza fentin aka kuma sakewa, kowane zuwa da sabon allo da sabon suna, ramin da ke gefenta kuwa yana nan yana cin tayoyina. To abin da na fahimta da sake ƙaddamarwa ke nan: a goge sunan mai abu a rubuta na mai fenti.

Ban yi shawara da kowa ba, ban gaya wa Hajiya Murja ba, na ɗauki ƙaramar mota ni kaɗai da rigar da ke jikina na kama hanyar Gwaram. Wannan ne karo na farko da na shiga garinmu ba a san da zuwana ba. Ba taro, ba yara masu bin mota. Na tsaya a bakin rijiya, ga ruwa yana zuba shar, allona yana nan ba a taɓa shi ba. Na ce alhamdu lillahi, ga shaida. Akwai wata mata tana tara bokiti, ban san ta ba, ita ma ba ta san ni ba, ashe aure ne ya kawo ta garin ba da daɗewa ba. Na yi mata sannu, na ce ruwa dai ba ya yankewa a nan ko? Ta ce ai yanzu sun huta, Allah ya saka wa Malam Ƙasimu. Sannan ta ƙara da abin da har yanzu in na kwanta nake ji a kunnena: "Da kuwa duk sallah sai an yi gayya an cika wa wani Alhaji tanki, ya zo ya murɗa ya yi jawabi ya tafi."

Wani Alhaji. Ina tsaye, sunana yana bayanta a jikin marmara.

Na wuce gidan Bappa. A zaure na ga akuya ɗaure a jikin wani dogon ƙarfe mai tsatsa, na duba da kyau, ashe injin cikin ramin rijiyar ne, wanda masu aikin suke kira sumo, nawa, wanda na sayo da hannuna. Ya zama turke. A bayan zauren ga jarkoki rawaya jibge, ga dogon tsani a jingine, matakansa sun yi sulɓi don hawa, ɗaya a karye.

Bappa bai ɓoye min komai ba. Ya ce injin ya ƙone tun damina ta biyu. Aka zauna a kan wa zai je ya gaya min, kowa ya ce ba shi ba. Aka ce to a bari sai na zo da sallah a faɗa min a hankali. Da sallar ta matso Hajiya Murja ta bugo waya, sai aka ga ai ba daɗi in zo cikin baƙi in murɗa famfo ya yi tusa, a cika tankin na wannan karon kawai. Aka ɗaura wa shanu amalanke, aka yi ta jigilar jarkoki daga rafi, maza suna hawa tsani suna juyewa, aka hana kowa taɓa famfo sai na zo. Da suka ga yadda na ji daɗi, sai faɗar ta ƙara nauyi. Na wannan karon kawai ya zama al'ada, har yara sun ɗauka cikin hidimar sallah ne, kamar kitso da lalle. In na tafi a raba abin da ya rage a tankin, washegari mata su koma tonon yashi. Kifin kuwa daga rafi ya biyo jarka. Ƙafar Ƙasimu ma ba babur ba ne, daga kan tsanin nan ya faɗo da jarka a kafaɗa. Da ya tashi daga jinya ya rantse ba zai ƙara hawa ba, ya sayar da riɗinsa ya ɗauko masu gyara.

Na ce Bappa, shekara da shekaru, a rasa mai buɗe baki ya gaya min? Injin nan ko kuɗin tayoyin mota ɗaya bai kai ba. Ya dube ni ya kira ni da sunan yanka, wanda shi kaɗai ya rage yana kira, ya ce, "Kai ka ɗaure mana baki. Ka ce ranar da ya daina zuba ka karye. Wa zai wanke ƙafa ya je Birnin Kudu ya ce wa ɗan ƙanensa ya karye?"

Aka kawo min fura a ƙwarya da ludayi, damun gidan Bappa da na tashi da shi. Hajiya, ban sha ba. Na miƙe na ce ina da uzuri, na fito. Na san abin da hakan yake nufi a wurinmu, kuma tun ranar ban kira shi ba, shi ma bai kira ba.

Da na dawo gida na zayyana wa Hajiya Murja komai, ina jiran ta yi salati. Tana tsintar shinkafa, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ashe wayar da nake sa ta bugawa, ba cewa take Alhaji na nan tafe ba, cewa take a ɗaura shanu. Na ce ke ma? Ta ce ita ta yi niyyar faɗa min sau da yawa, amma ranar da ta ga na dawo da kifi a gora ina kiran maƙwabta, sai ta ga lokacin ya wuce. Wai kuma tsakani da Allah, Alhaji, kai ma ka taɓa jin an kama kifi a burtsatse?

Na bincika maganar kalmar nan ba tare da na ce ni abin ya shafa ba. Yunusa ya ce shi a ganinsa kamar a sauke inji ne a yi masa aiki, mota ta koma hanya, ai ba a canza sunan mai ita a takarda. Malam Ahmad, wani tsohon malamin makaranta da ke zama kusa da tasha, ya ce a labarai ana faɗar ta in an farfaɗo da masana'anta ko asibitin da ya daina aiki. Ban gamsu ba. Ni abin da na sani, ba a yi wa yaro suna sau biyu. In ya yi ciwo ya warke, ba a sake yanka rago a raɗa masa sunan mai magani. Me ya sa ba za su ce gyara ba, su yi addu'a su watse? Me ya kawo rumfa da kati?

Ga abin da ke raina. Ko in ƙi zuwa, in bar su da almakashin askinsu. Ko in je wurin dagaci in ce a cire kalmar nan daga kati tunda da raina. Ko kuma, wanda ya fi kwanta min, in haƙa sabuwa a gefenta, tankinta ya fi nasu tsawo, in ƙaddamar da abata ranar da suke sake tasu. Har na yi magana da masu haƙa. Amma in na tuna ƙwaryar furar nan da na bari, sai in ji duk ba daɗi. Ga kuma tasha, gaskiyar labarin kifi ba ta iso ba tukuna, amma Yunusa yana bin hanyar kullum, kuma kwana biyun nan in ya gaishe ni ba ya haɗa ido da ni.

Ki gaya min gaskiya, sake ƙaddamarwa tana shafe ta farko? Kuma wa aka zalunta a nan, in ba ni ba?

Naki,
Mai Almakashi, Birnin Kudu.

AMSA

Wa alaikumus salam, Alhaji Mai Almakashi.

Na karanta wasiƙarka, na yi dariya a wurin kifi, na daina a wurin fura. Bari in fara da tambayarka ta farko tunda ita ce mai sauƙi.

Ƙaddamar da abu shi ne a gabatar da shi ga jama'a a ce ga shi, a fara amfani. Sake ƙaddamarwa kuwa ana yin ta ne ga abin da ya yi aiki, ya tsaya, aka tashe shi ya koma bakin aikinsa, ko asibiti ne, ko masana'anta, ko rijiya. Malam Ahmad ya faɗa maka daidai, Yunusa ma bai kauce ba. Abin da aka yi wa kwalbatin da ke cin tayoyinka aron kalmar aka yi aka yafa wa fenti, kuma haushinka a kan wannan yana kan hanya. Amma rijiyarka ba fenti aka shafa mata ba. Ta mutu har injinta ya zama turken akuya, yanzu tana zuba. In akwai wurin da kalmar ta zauna daram, to nan ne. Ba ta shafe ta farko, kuma kai da kanka ka ga allonka ba a taɓa shi ba. Misalinka na suna ma bai ci ba. Gaskiya ne ba a sake yanka rago, amma in yaro ya tashi daga doguwar jinya ai ana taruwa a yi barka, kuma ba wanda yake cewa an canza masa uba.

Tambaya ta biyu, wa aka zalunta. Kana da gaskiya a wani ɓangare. An bar ka cikin duhu shekaru, an bar ka ka ɗauki kifi a gora ka shiga tasha, wannan da ciwo. Mutanen garinku sun yi kara, amma karar da za ta mayar da mata tonon yashi alhali waya ɗaya za ta kawo gyara ta wuce wuri. Hajiya Murja ita ta fi kowa damar faɗa maka a ɗaki, ba ta yi ba. Ƙasimu kuma bai kyauta ba da ya bari ka ji a kati cikin mutane. Ya kamata ya zo da sandarsa ya zauna a falonka ya faɗa maka baki da baki, ko da zai haɗa da Kwandasta.

To amma ka zauna ka lissafa wanda ya fi shan wuya. Kai kunya ka ji, ita ma ta kwana kaɗan. Su ƙishirwa suka sha ta shekaru, suka ƙara da jigilar jarkoki, ɗaya ya bar ƙafarsa a tsani, sannan ya kwanta ya saurari wa'azinka a kan babur bai tona asiri ba. Alhaji, mutane da yawa suna da allon marmara. Ban san mutum nawa ne gari guda zai ɗaura wa shanu amalanke don kada fuskarsa ta canza a gaban baƙi ba. Ba a yi wa wanda aka raina haka. Kuma Bappa ya faɗa maka inda abin ya samo asali. Ka ɗaura arzikinka a bakin famfo, ka mai da labarin lalacewar inji ya zama zagi. Ga shi kuma ba ka taɓa zuwa ba sanarwa ba, kullum famfo kake tambaya, ba ka tambayi masu ɗiba ba.

Ga shawarata. Kafin Asabar, ba ranar ba, ka tafi gidan Bappa, kai da Hajiya Murja. Ka durƙusa ka ce ka zo shan furarka. Wannan ya fi rijiyar da katin da kalmar gaggawa, domin Bappa ya tsufa, kuma irin wannan shirun ba a barin sa ya yi kwanaki. Daga nan ka leƙa Ƙasimu ka tambayi ƙafa. In kana da ƙorafin kati ka yi masa a nan, cikin wasanku, ya wuce.

Dagaci ka bar shi ya huta. Sabuwar rijiya a gefen tsohuwa kuwa, kada ka soma. Gari zai samu tanki biyu a wuri ɗaya da zumunci a karye, kuma duk wanda ya wuce zai tambayi dalili, a ba shi labarin kifi. In kuɗin haƙar yana ƙaiƙayinka, tambayi matan garin wace unguwa ce ta fi nisa da ruwa, ka kai can bayan an kwana biyu. Wanda ya fi wannan ma, ka ɗauki nauyin kula da wadda ake da ita, a sa mutum biyu, mace da namiji, waɗanda aikinsu shi ne su kira ka ranar da ta yi tari.

Ranar Asabar ka je da wuri, ka fito da almakashin nan daga gilashi. Kada ka yanke, kada Ƙasimu ya yanke, ku miƙa wa Bappa. In an ba ka lasifika, ka riƙe harshenka da kyau, abu biyu kawai za ka faɗa. Ka gode wa Ƙasimu da sunansa, da duk wanda ya taɓa hawa tsanin nan. Sannan ka warware maganar da ka ɗaura, a wurin da ka ɗaura ta, da ƙarfin muryar da ka ɗaura ta: famfo inji ne, yana lalacewa ko mai shi yana da jirgin sama, duk ranar da ya tsaya a faɗa maka. An ce magana zarar bunu ce, ba ta komawa, amma ai ana toshe gurbin da sabon bunu. In ba ka yi haka ba, wannan injin ma wata rana zai ƙone, kuma za a sake ɗaura shanu.

Maganar tasha, ka riga Yunusa. Ka ba da labarin da bakinka, kana dariya, ka kai har wurin gorar. Wanda ya ba da labarin kansa tare da shi ake dariya. Sunan Mai Kifi dai ba zai fita ba, ka riƙe abinka. Ka kuma nemi mutumin Wurno ka faɗa masa gaskiya, kada ya sa masu haƙa su yi ta nutsawa.

Hajiya Murja, na san kina karantawa. Daga yau in zai tafi gida, ki bar wayar a jaka.

Allah ya sa a yi taro lafiya, ya ƙara wa Bappa lafiya da nisan kwana, ya miƙar da ƙafar Ƙasimu, ya karɓi sadakarka ta farko da tasa ta biyu, don ladan ruwa ba ya ƙarewa don an raba shi. In kuma kifi ya ƙara fitowa, ka fara duba tsani kafin ka nemi gora.

Taku,
Hajiya Ruƙayyatu.